Ratar da ba ta kai silin gashi ba: abin da ke sa injin turbo ya sake bugawa bayan an zuba masa kuɗi

Duk motar da ta taso daga Yamai za ta Maraɗi ko Damagaram sai ta ratsa Birnin Ƙonni, bayan tafiyar kilomita 400 da ɗoriya a kan babbar hanya ta RN1. Wadda za ta Tawa da Agadas a Tsarnawa take karkata arewa, kaɗan gaba da garin. Ta kudu kuma ga iyakar Najeriya, ga Illelar Sakkwato, wadda baƙi kan rikita da ɗaya Illelar ta jihar Tawa. Ƙara da tirelolin simintin Malbaza da motocin albasar Galmi, za ka gane dalilin da ya sa aikin gareji ya zama babbar sana'a a wannan yanki.

Sai dai motocin da ke shiga garejin sun sauya. Tsofaffin makanikai sun koyi aiki ne a kan Peugeot 504, da Hiace mai injin 5L, da Land Cruiser mai 1HZ. Injina ne marasa turbo, masu haƙuri, waɗanda ko an yi musu aikin ido sukan ci gaba da tafiya. Yau Hilux mai 2KD ko 1KD ce ta cika hanya, ga kuma masu 1GD da 2GD da Toyota ta fara fitarwa a 2015. Dukansu turbo gare su, kuma ba sa yafe kuskuren awo.

Abin ya shafi har wanda bai taɓa riƙe sifana ba. Jihar Tawa ta yi suna wajen tafiya ci-rani, kuma motocin haya da dama da kuɗin Abijan, Libiya, Aljeriya ko Legas aka saye su. Idan inji ya buga, wayar ɗan'uwan da ke waje ake kira. Ya turo kuɗin fiston da ringi da gaskit da ladan aiki, a haɗa, mota ta tashi, a tura masa bidiyo ta WhatsApp. Bayan wata biyu ko uku sai a sake kiransa cewa injin ya kama a hanyar Abalak. A irin wannan hali akan ɗora laifi a kan kayan jabu, ko direba, ko a ce tsautsayi. Ba kasafai ake tambayar ko an auna ratar da ke tsakanin fiston da bangon silinda kafin a rufe injin ba.

Me ya sa ake barin rata tun farko?

Fiston da alminiyam ake yin sa. Bulok ɗin waɗannan injinan dizal kuwa baƙin ƙarfen zubi ne. Duka biyun suna kumbura idan sun ji zafi, amma ba daidai ba, domin alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfen.

A ɗauki injin 2KD, wanda faɗin ramin silindarsa milimita 92 ne. Idan zafi ya ƙaru da digiri 100, fiston mai wannan faɗi zai ƙaru da kusan milimita 0.18, ramin kuwa da kusan 0.10 kawai. Bambancin ya kai 0.08. Silin gashin mutum yana tsakanin 0.05 da 0.10, takardar rubutu kuma kusan 0.10. To a cikin wannan ɗan sarari ake rigimar duka.

Shi ya sa kamfani ke ƙera fiston ya ɗan gaza ramin, ta yadda sai injin ya ɗauki zafin aikinsa sannan su zauna daidai, da ɗan siririn baƙin mai a tsakani. Idan ratar ta yi kaɗan, fiston zai kumbura ya kore man, alminiyam ya gogi ƙarfe tsirara, ya narke ya manne a bango. Wannan shi ne kamun inji. Idan kuma ta yi yawa, fiston zai riƙa kaɗawa yana dukan bango, a ji ƙwas-ƙwas da safe, ringi su kasa toshe wuta, hayaƙi ya riƙa fita ta bakin zuba mai, mota ta koma shan baƙin mai kamar ruwa. Na biyun yana kashe inji a hankali. Na farkon kuwa a tafiya ɗaya yake gamawa da shi.

A tuna cewa idan inji na juyi 3,000 a minti, kowane fiston yana hawa da sauka sau 50 a cikin daƙiƙa guda.

Abin da turbo ya ƙara

Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar turbo a 1905. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya wata ƙaramar fanka, ita kuma ta juya ta biyu da ke cusa iska cikin silinda da ƙarfi. A ƙananan motoci fankar kan wuce juyi 150,000 a minti. Iska mai yawa tana ba da damar ƙona mai mai yawa, shi ya sa injin lita 2.5 mai turbo ke yin aikin da a da sai babban inji.

Amma ƙarin wuta ƙarin zafi ne, kuma kan fiston ne ke fara karɓarsa. A injin dizal mai turbo da ke jan kaya, saman fiston kan kai digiri 300 zuwa 400. Don haka fiston ɗin turbo daban ake ƙera shi: ya fi kauri a sama, gurbin ringin farko an ƙarfafa shi da ƙarfe, sannan akwai ƴan bututu a ƙasan silinda da ke fesa masa baƙin mai daga ciki don ya huce. Idan ɗaya daga cikin bututun nan ya toshe ko ya lanƙwashe wurin haɗawa, wannan fiston shi kaɗai zai fi sauran zafi, ya cinye ratarsa, ya kama, ko da awonsa daidai ne tun farko.

Yanzu a ɗora yanayin Ƙonni a kai. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana kan haura digiri 40. Iskar da turbo ke zuƙa da zafinta take zuwa, matsawar kuma ta ƙara mata. Mota ta ɗauki lodin da ya wuce ƙa'ida, ta kama doguwar hanya, ko ta shiga rairayi a ƙaramin giya kamar yadda masu zuwa wuraren zinariya na Djado ke yi tun 2014. Kuskuren da zai ɓuya shekara guda a garin sanyi, a nan mako ɗaya ya ishe shi ya bayyana.

Hannu da ido

Yadda aka saba a garejin bakin hanya, daga Ƙonni har Kano, shi ne maigida ya shafa wa fiston mai, ya zura shi a rami, ya ga yadda yake sauka. In ya zame a hankali da nauyinsa, an ce ya yi. In ya faɗa, ya yi sako-sako. In ya tsaya, a sa takardar yashi. Ba abin raina ba ne, hannun da ya shekara talatin yana wannan aiki yana jin abin da na ɗan koyo ba ya ji. Matsalar ita ce hannu ba ya bambance 0.04 da 0.08, kuma tsakanin waɗannan lambobi biyu ne injin turbo ke rayuwa ko ya mutu.

Akwai wani abin da ke ƙara ruɗar da hannu. Fiston ba zagayayye ba ne sosai. Da gangan ake yin sa ɗan ƙwai-ƙwai, samansa kuma ya fi ƙasansa tsukewa, saboda sama ne ya fi shan zafi. Wanda ya auna shi a kai zai samu lamba, wanda ya auna ta gefen fil ɗin zai samu wata. Wurin awo ɗaya ne: a jikin siket ɗin fiston, wato ɓangarensa na ƙasa, a gicciye da fil, a daidai tsayin da littafin injin ya faɗa. Kayan aikin kuma maikuromita ne, wanda ke karanta kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Ma'aunin nan mai baki biyu da ake zamewa, wanda kusan kowane gareji ke da shi, bai isa wannan aiki ba.

Shi ma ramin ba a wuri ɗaya ake auna shi ba. Tsohuwar silinda ta fi cinyewa a sama, inda ringi ke juyawa, kuma ta fi cinyewa ta gefen da fiston ke jingina. Ana zura ma'aunin rami mai agogo a sama, a tsakiya, a ƙasa, kowanne ta fuska biyu. Awo shida ke nan a silinda ɗaya, 24 a inji mai silinda huɗu. Daga nan ake sanin ko ramin ya zama mazurari ko ya zama ƙwai. A cire faɗin fiston daga faɗin rami, abin da ya rage shi ne ratar.

Nawa ya kamata ta zama? Babu lamba ɗaya ta kowa da kowa. A yawancin ƙananan motocin fetur tana tsakanin 0.02 da 0.05. Injinan dizal masu turbo sukan buƙaci fiye da haka. Fiston ɗin tsere da ake bugawa da matsi maimakon zubi, musamman na gaurayen alminiyam mai lamba 2618, yakan nemi kusan 0.09 zuwa 0.13 saboda ya fi kumbura. Lambar da za a bi ita ce ta littafin wannan injin, ko takardar da ta zo cikin kwalin fiston. Littattafan gyaran Toyota kuwa yanzu a waya ma ana buɗe su.

Wani abu da ya shafi garuruwanmu kai tsaye shi ne zafin wurin awon. Lambobin littafi an tsara su ne a kan digiri 20. Idan aka bar fiston a rana a kan benci har ya fi bulok ɗin da ke inuwa zafi da digiri 25, zai ƙaru da kusan 0.045. Rabin ratar ke nan ko fiye, tun ba a tada inji ba. Maganin ba ya cin ko dala: a ajiye bulok da fiston da ma'auni wuri ɗaya a inuwa su kwana, a yi awon da sassafe.

Bakin ringi

Ringi, waɗanda makanikan Nijar suka fi sani da segman, ba rufaffun zobba ba ne. Kowanne yana da ɗan baki a buɗe. A rami mai faɗin 92, tsawon ringi in an miƙe shi ya kai milimita 289. Idan ya fi bangon silinda zafi da digiri 100, zai ƙara tsawo da kusan 0.3. In bakin bai kai haka ba, ƙarshen biyu za su haɗu, ringin ya rasa wurin zuwa, ya cije bango, ya fasa gefen fiston. Makanike ya buɗe ya ga fiston a ɓalle ta sama, ya ce kayan ne ba su da kyau.

Masu haɗa injina suna da ƙiyasin da suke bi: ga inji mara turbo, bakin ringin sama ya zama kusan kashi 4 cikin 1,000 na faɗin rami, ga mai turbo kuma 5 zuwa 6. A rami mai 92, wajen 0.37 ke nan a na farko, 0.46 zuwa 0.55 a na biyu. Ƙiyasi ne na masu ƙara wa inji ƙarfi, wanda ke mayar da inji yadda kamfani ya yi shi littafi zai bi. Awon kansa ba wuya. A sa ringin shi kaɗai cikin ramin da zai zauna, a tura shi da kan fiston don ya daidaita, a zura siraran ƙarafan awo masu lamba a bakin. In ya matse, a ɗan goge da fayil. Minti goma ne a kowace silinda, amma sau da yawa daga kwali ake ɗauko ringi a ɗora.

Rata ta uku tana sama. A injin dizal, fiston yana hawa har ya ɗan leƙo saman bulok, abin da ke raba shi da kan injin, wato kulas ko tof-silinda, bai wuce kaurin gaskit ba. Shi ya sa gaskit ɗin waɗannan injina kala-kala ne a kauri, ana gane su da ƴan yanka ko huji a gefe. Idan inji ya taɓa yin zafi aka kai bulok wurin turna ya share samansa, fiston zai ƙara leƙowa. A mayar da gaskit mai kaurin da, sai fiston ya riƙa sumbatar bawul. Mai shago kuwa wanda ke hannunsa zai ba ka, in ba ka zo da lamba ba.

Kaya daga ina?

Kasuwar kayan mota ta Ƙonni da iyaka take numfashi. Wasu kayan daga Sakkwato suke shigowa, wasu daga Ƙofar Ruwa ta Kano, wasu tun daga Ladipo ta Legas ko Nnewi, wasu kuma daga Yamai. Idan ba a manta ba, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, sai a Disamban 2020 aka buɗe ta Illela. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO ya sake rufe ta, har zuwa Maris na 2024. Ta ɓangaren Benin kuma Nijar ta ci gaba da rufe gadar Gaya ko bayan ɗage takunkumin, lamarin da ya karkatar da kaya daga tashar Kwatano zuwa ta Lome, ta doguwar hanyar Burkina Faso. Duk lokacin da hanya ta yi tsawo, kaya na tsada, mai mota kuma ya koma neman mai araha.

A nan awo ya fi zama dole. Kwali mai tambarin babban kamfani ba shaida ba ce, ana buga irinsa. Fiston huɗu daga kwali ɗaya na iya bambanta da juna. Ko a kayan asali ma, injinan Toyota da dama suna da lamba 1, 2 ko 3 da aka buga a bulok da kan fiston, saboda ramukan da ake kira daidai-da-kamfani su ma sun ɗan fi juna. Na hannu kuwa, wanda aka ciro daga injin Beljiyam, siket ɗinsa na iya zama ya riga ya shige ciki.

Kuskuren da ya fi tsada yana faruwa ne wurin turna. Idan rami ya cinye, akan faɗaɗa shi a sa fiston mai ƙarin faɗi, 0.50 ko 1.00 misali, ko a sa masa sabuwar riga. Daidai shi ne a sayi fiston tukuna, a kai wa turna tare da bulok, ya auna kowanne, ya yanka kowane rami a kan fiston ɗinsa, ya sa musu lamba. Abin da aka fi yi shi ne a aika bulok a mota a ce a yanka hamsin, fiston kuma a saye shi daga baya a wani gari. Sai ranar haɗawa su fara ganin juna.

Masu son ɗora turbo a 1HZ

Akwai matasan da ke kallon bidiyon ƴan Ostireliya a YouTube da TikTok suna ɗora turbo a kan Land Cruiser mai 1HZ, suna sha'awar yin haka. Ana yi, kuma mota na ƙara ƙarfi. Amma ya kamata a san cewa lokacin da Toyota ta so injin turbo mai wannan girma na lita 4.2, wani ta ƙera daban, 1HD-T. Ta rage matsin silinda daga kusan 22 zuwa ƙasa da 19, ta sauya yadda ake fesa mai, ta sa fiston na daban. Wanda ya ɗaura turbo a 1HZ ya buɗe famfo, bai taɓa bakin ringi ba, bai sa agogon zafin hayaƙi ba, yana tafiya ne da ratar da aka yanka don wutar da ba ta kai wannan ba. A ganina, ga motar da ke ciyar da gida, wannan caca ce da ba ta da riba.

Ba duka laifin makanike ba ne

Adalci shi ne a faɗi cewa ko an yi awo daidai, akwai abubuwan da ke cinye ratar daga baya. Na farko cire tamostat, al'adar da ta bazu a ƙasashe masu zafi da sunan taimakon inji. Inji mara tamostat yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, zafin kuma ya riƙa hawa da sauka, alhali ratar don zafi tsayayye aka lissafa ta. Na biyu ruwan rijiya a lagireto, wanda ke barin gishiri da tsatsa su toshe hanyoyin ruwa. Na uku ƙurar hunturu: matatar iska da aka bubbuga aka hura har ta yage tana barin yashi ya shiga, ya ci fankar turbo, ya ci bangon silinda.

Sai man kansa. Injinan KD da GD suna fesa gazuwal da matsin da ya haura ba 1,300, ta ƴan ramukan da ido da ƙyar yake gani. Man jarka na ƴan ruwa-ruwa, in ya zo da ruwa ko datti ko an sirka shi da kananzir, yana lalata bakin nozul. Nozul da ya lalace ba ya fesawa, tsiyaya yake yi wuri ɗaya, ya ƙona kan fiston kamar wutar walda. Duk wanda ya sa sabon fiston bai kai nozul an gwada ba, ya bar ɓarawon a cikin ɗaki.

Maikuromita da ma'aunin rami da ƙarafan awo, in aka haɗa kuɗinsu, ba su kai na fiston huɗu na asali da ringinsu ba. Ba lallai kowane gareji ya mallaka ba, ƙungiyar makanikai ta unguwa ɗaya na iya saye a riƙa karɓa. Nijar tana da cibiyoyin koyon sana'a na CFM a ƙananan hukumomi, tana da asusun FAFPA da aka kafa don horar da masu sana'a da ƴan koyo. Horon mako ɗaya a kan karanta maikuromita ga waɗanda suka riga suka iya kwance inji zai fi wasu tarukan bita da ake yi a otal amfani nesa ba kusa ba.

Kai kuma da ke Abijan ko Tripoli kana shirin turo kuɗi, ba sai ka iya aikin ba kafin ka yi tambaya. Ka ce a rubuta maka a takarda, silinda ta ɗaya zuwa ta huɗu: faɗin rami, faɗin fiston, bakin ringi, da yawan leƙowar fiston a saman bulok, a ɗauki hoto a turo kafin a ɗaure kulas. Ka tambaya ko fiston ya je wurin turna tare da bulok, ko an gwada nozul, ko tamostat na ciki. Makaniken da ya auna zai ba ka amsa cikin minti biyar. Wanda ya ce ai hannunsa ya saba, ka roƙe shi cikin girmamawa ya ari ma'auni, ka ce kuɗin aron na wuyanka.

In an haɗa, kada a yi wa motar cikakken lodi a kilomita 1,000 na farko, kuma a juye baƙin mai da matatarsa da wuri, domin ƙurar ƙarfen da sabbin ringi suka goge tana ciki. Direba ya riƙa barin inji ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a tsaye bayan doguwar tafiya kafin ya kashe, don mai ya ci gaba da zagaya turbo har ya huce, ko da fasinjojin Badagishiri suna ƙorafin ana ɓata musu lokaci.